Zama da Kasawa: Darussan Rayuwa a Wasan Sofbol na Ɗalibai

1.0 Gabatarwa

An ƙirƙiri wasan sofbol a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1887, a matsayin nau'in wasan besbol. Dokar ilimi ta 1972, wadda ta haramta bambancin jinsi a makarantun da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, ta faɗaɗa wa 'yan mata damar yin wasan a jami'o'in ƙasar. Wannan maƙala ta ginu a kan cewa babban abin da ɗaliba ke koya a filin shi ne yadda za ta zauna da kasawa.

2.0 Haƙuri

A wasan, 'yar wata ƙungiya ke jefo ƙwallo, 'yar ɗaya ƙungiyar kuma ta doke shi da sanda ta ruga zuwa zango na farko. Wadda ta yi nasarar bugu sau 3 cikin 10 ana lissafa ta cikin gwanaye. Wato gwana ma tana kasawa sau 7, a bainar jama'a, kuma dole ta sake ɗaukar sanda. Ɗalibar da ta saba da wannan ba ta ɗaukar faɗuwa jarrabawa a matsayin hukunci a kan ƙimarta.

3.0 Sadaukarwa

Akwai dabarar da mai bugu ke taɓa ƙwallo a hankali, tana sane cewa za a fitar da ita, domin abokiyarta ta matsa zuwa zango na gaba. Nan kasawar mutum ɗaya ta zama ribar jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4.0 Juriya

Babbar shaida ita ce Yukiko Ueno ta Japan. Ta jagoranci ƙasarta ta doke Amurka da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 2008 a Bejin. Daga nan aka cire sofbol daga gasar. Sai da ta jira shekara 13 kafin ta sake cin zinare a Tokiyo a 2021.

5.0 Kammalawa

Kaɗan ne daga cikin ɗaliban ke samun abin rayuwa da wasan bayan kammala karatu. Abin da ke bin sauran har wurin aiki da gidan aure shi ne tarbiyyar tashi bayan faɗuwa.