Amsar Tambaya: Hitar Motata Ta Ƙi Mutuwa

Tambaya: Malam, ina da shago a Kasuwar Kwastam, Maiduguri. Hitar motata tana huro zafi ko na kashe ta. Bakanike ya ce a cire ta gaba ɗaya. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda a cire ta kafin a gano inda cutar take. Hita ba ta da wutar kanta. Ruwan lagireto mai zafi ne ke bi ta wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka ta huro iska ta cikinsa. Idan zafi ya ƙi tsayawa, galibi ƙofar da ke raba iskar zafi da ta sanyi ce ta maƙale, ko wayar da ke jan ta ta tsinke, ko bawul ɗin ruwan ya ƙi rufewa. Juya maɓallin hitar ka saurara: ƙarar ƙas-ƙas alama ce ƙaramin injin ƙofar ya lalace. Idan kuma fanka ke ta juyawa bayan ka zare makulli, matsalar lantarki ce, kuma za ta shanye maka batir.

Za a ce wa ke buƙatar hita a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40? Gaskiya ne, kuma haɗa tiyo biyun da ke kai wa hitar ruwa da fitar da shi domin ruwa ya kauce mata dabara ce mai kyau na ɗan lokaci. Amma akwai sanyin asubar hunturu, ga gilashi da ke yin hazo da damina, kuma idan inji ya ɗau zafi a cunkoso, kunna hita na rage masa zafi. Ka sa a gyara ƙofar, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.