Darasi: Lambun Damina da Tanadin Kayan Miya

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Kafin Hausa ruwan sama yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba. A watan Agusta kuɓewa da yakuwa sukan yi yawa har mu rasa mai saye, wasu su tsufa a jikin itacensu. Amma da bazara sai uwargida ta sayar da kwanon gero domin ta sayi kayan miya. Manufar wannan darasi ita ce mu koyi yadda albarkar wata huɗu za ta kai mu shekara.

1. Shirya wuri

Ba sai da babban fili ba. Taku goma a bayan ɗaki ya isa, in an kewaye shi da kara saboda awaki da kaji. Mu guji kwari. Ambaliyar 2022 ta nuna mana yadda ruwa yake kwanciya a ƙasar Haɗeja, saboda haka mu ɗaga kunya sosai, mu yi wa ruwa hanya. Mu sa taki wanda ya ruɓe, gama ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka.

2. Abin da za mu shuka

Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 4. Kuɓewa takan fara 'ya'ya bayan kamar wata 2, kuma tana so a riƙa tsinka bayan kwana 2 ko 3, in ba haka ba sai ta yi ƙarfi. Yakuwa tana ba mu ganye da zoɓo, 'ya'yanta kuma a yi daddawar batso. Mu ƙara rama, lalo, kabewa da zogale a bakin danga. Kada mu shuka duka rana ɗaya. Mu raba shuka biyu, mako 3 tsakani, domin ta biyun ta nuna kusa da kaka, lokacin da shanya take da sauƙi.

3. Busarwa

Ganye kamar zogale, rama da yakuwa, a wanke, a tsane, a baza shi a inuwa inda iska take shiga. Zafin rana yana rage sinadarin bitamin A da ke cikinsa, wanda rashinsa yake kawo wa yara dundumi. Ganyen da ya bushe da kyau yana nan kore, yana kuma murmushewa a hannu.

Kuɓewa a yanka ta sirara, a shanya a rana. Tumatir kuma a yanka a yi kauɗa. Mu shanya a kan tsabtatacciyar tabarma bisa rumfa, ba a ƙasa ko bakin titi ba, inda ƙura da dabbobi suke bi. Mu kwashe kafin faɗuwar rana saboda raɓa.

4. Ajiya

A zuba a busasshiyar tukunya ko roba mai murfi, a ajiye sama da ƙasa. Kabewa da ba ta ji rauni ba takan yi watanni a wuri mai sanyi. Abubuwa biyu kada mu yi: kada mu yi ajiya a buhu ko galan da aka taɓa sa maganin feshi, kada kuma mu ci abin da ya yi fumfuna, ko da mun ji zafin zubarwa. Mu bar kuɓewa mafi kyau ta bushe a jikinta domin irin baɗi. Don gobe ake wanke tukunya.

Tambayoyin tattaunawa

a. Wane kayan miya ne ya fi lalacewa a gidanmu bara, kuma me ya sa?
b. Nawa muka kashe a kan miya daga Maris zuwa Yuni?
c. Wace gwauruwa ko tsoho a cikinmu ba su da ƙarfin yin kunya?

Aikin wannan mako

Kowane gida ya auna wurinsa, ya tara taki. Zumuntar mata su tattara irin da kowa yake da shi a yi musaya, matasa kuma su ɗauki fartanya su fara da gidajen da aka ambata a tambaya ta uku.