Kuɗin Lambunka: Banki Ko Ƙungiyar Gama Kai?

Saurayi manomi, wannan takarda taka ce. Ka noma latas da alayyafo a Kwakwaci, ka kai 'Yankura da sassafe, an ƙirga maka kuɗinka a hannu. To, ina za ka ajiye su? In kuma lokacin shuka ya zo aljihu babu komai, wa zai ranta maka kuɗin iri da taki? Tambaya biyu ke nan, kuma ba wuri ɗaya ke amsa su ba.

Wajen ajiya

A nan banki ya fi. Kuɗin ƙarƙashin katifa rabon gara ne da ɓarawo da wuta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya bukatar dogon bayani. Akwai hukumar gwamnati mai suna NDIC, wadda aka kafa a 1988 don lamunce wa masu ajiya. Tun 2024, in babban banki ya rushe, tana biyan mai ajiya abin da ya ajiye har zuwa Naira miliyan 5. Wannan lamuni bai shafi zubin da ka yi wa ƙungiya ba. Banki zai riƙa cire ɗan kuɗin saƙo da na kati, amma wannan bai kai asarar dare ɗaya ba.

Wajen rance

Nan ne gizo ke saƙa. Banki bai san ka ba, takarda ya sani. Zai nemi jingina, kai kuwa wataƙila filin aro ne ko haya, ko na gado da ba a raba ba. Gaskiya ne tun 1977 Babban Banki yana da asusun da ke lamunce wa bankuna kashi 75 cikin 100 na bashin noma in ya maƙale, amma har yanzu bankin ne ke zaɓen wanda zai ba. Kafin takardu su gama zagaya, lokacin dashe ya wuce. Rancen da ya zo bayan lokaci kuwa, sai dai a cinye shi a bar ka da biya.

Ƙungiyar gama kai ta ku ce, ku masu zubi. Kowa ƙuri'arsa ɗaya, mai yawa da mai kaɗan. Yawanci sai ka yi wata shida kana zubi, sa'an nan a ranta maka ninki biyu na abin da ka tara, mutum biyu daga cikinku su tsaya maka. Jinginarka halinka ne, don sun ga lambunka, sun san ko kana fita aiki. Kuma in kun haɗa kuɗi kun sayi taki a dunƙule, buhu zai zo muku da sauƙi.

Amma fa a yi hattara. Na san wata ƙungiya da ta bar kuɗinta a hannun ma'aji don yarda, shi kuma ya juya su a fatauci ya faɗi. Mutumin kirki ne, amma wannan shekarar ba wanda ya sami taki. Saboda haka kafin ka zuba ko kwabo, ce a nuna maka takardar rajista ta gwamnatin jiha. Tambayi bankin da kuɗin suke, da ko mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar. In mutum ɗaya ne, kama gabanka. A ba ka littafin zubi naka na kanka, kuma a riƙa karanta lissafi a gaban taro. Kada ka ji kunya don shugaba sa'an mahaifinka ne. Ka gaishe shi da ladabi, ka tambaya.

In kana gudun kuɗin ruwa, faɗi tun farko. Akwai bankunan da ba su aiki da ruwa, kamar Jaiz da ya buɗe a Kano a 2012. Wasu ƙungiyoyi kuma su ke sayen takin, su sayar maka bashi da ribar da kuka shirya.

Shawarata, buɗe asusu a banki don cinikinka, ka shiga ƙungiya don rance. In a Oktoba kake son kuɗin noman rani, fara zubi tun Afrilu. Nemi malamin gona na yankinku ya raka ka taron farko.