Abota, Cirani da Majalisa a Rayuwar Samarin Hausawa

1.0 Gabatarwa

Abubuwa uku ne suka fi cin lokacin saurayi a ƙasar Hausa, wato tafiya neman abin kai, da aikin da yake yi, da kuma zaman hira da abokai. Wanda ya dube su sama-sama zai ɗauka kishiyoyin juna ne, tun da mai tafiya ya bar abokai a gida, mai zaman hira kuma ya bar aiki. Wannan darasi zai nuna cewa al'adar Bahaushe ta ɗaure ukun da igiya guda, wato abota. Da aboki ake tafiya, ta hannun aboki ake samun aiki, a wurin hira kuma ake jin labarin inda aikin yake. Za a duba ma'anar kalmomin da suka shafi batun, da yadda aka raba lokaci a shekara, da irin harshen da ake amfani da shi, sannan a dubi sauye-sauyen da zamani ya kawo.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar abota ta fito ne daga saiwar abok-, wadda ta ba da aboki da abokiya da abokai. Akan kuma ce abokantaka, da irin ɗafa-ƙeyar da ake samu a 'yan'uwantaka. Tsakanin mata, ƙawa da ƙawance aka fi faɗa. Abota hawa-hawa ce. Akwai tsara ko sa'a, wato wanda aka tashi tare da shi. Akwai abokin hira da abokin aiki da abokin tafiya, waɗanda wani sha'ani ne ya haɗa su. Sai amini, kalmar da aka aro daga Larabci, wanda ake ba wa amana a kuma gaya masa sirri.

Cirani harɗaɗɗen suna ne daga cin rani. Aikatau ci yana da faɗin ma'ana a Hausa, kamar yadda ake gani a cin kasuwa da cin sarauta da cin jarrabawa. A nan yana nufin mutum ya ƙarar da watannin rani a wani gari yana neman kuɗi, ya ɗauke bakinsa daga rumbun gida, ya komo idan damina ta kawo kai. Mai yin haka shi ne ɗan cirani.

Majalisa kuwa aro ce daga Larabci, ma'anarta ta asali wurin zama. Ban da majalisar sarki da ta dokoki, kalmar tana nufin wurin da abokai suka saba haɗuwa, ko a dakali, ko a gindin bishiya, ko a teburin mai shayi. A Jamhuriyar Nijar irin wannan zama na samari ana kiransa fada.

3.0 Rabon Lokaci a Shekarar Bahaushe

A ƙauyukan ƙasar Hausa yanayi ne yake raba wa saurayi lokacinsa. Da damina, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, aikin gona ne a gaba. A nan ma abota tana da aiki, domin ita ce ƙashin bayan gayya. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa, ko wanda zai yi wa surukai noma, yakan gayyaci tsararrakinsa, a yi abinci, wani lokaci a kira makaɗa, a gama a yini guda abin da zai ci mutum ɗaya mako. Ba a biyan lada, amma bashi ne da ake ramawa, don haka ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da kaka, bayan an kau da amfanin gona, sai lokacin bukukuwan aure da wasannin dambe da kokawa da kalankuwa. A da, sarkin samari ne yake tsara irin waɗannan taruka. Daga nan sai rani, watanni shida ko bakwai da ba a ruwa, kuma ba kowane gari yake da fadama ba. Inda aka sami madatsar ruwa, kamar Tiga da aka kammala a 1974, wadda take shayar da gonakin Kadawa da Kura, saurayi yana iya zama gida ya yi noman rani. Inda babu, sai a ɗaura kaya. Ke nan kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku yana da kasonsa a shekara, ba ya shiga gonar ɗan'uwansa.

4.0 Abota a Wajen Tafiya da Neman Aiki

Tafiya ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Fatake sun daɗe suna kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara sauƙaƙa hanyar Kudu, aka kuma kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916. Masani Abner Cohen, wanda ya wallafa nazarinsa a kan Sabo a 1969, ya nuna yadda maigida yake ba baƙo masauki, ya tsaya masa a wajen ciniki. Ɗan cirani na yau ya gaji wannan tsari, sai dai sau da yawa abokinsa da ya riga shi zuwa ne yake zame masa maigida.

Da wuya saurayi ya tafi cirani shi kaɗai a karon farko. Wanda ya san gari ne yake ja masa gaba, ya sauke shi a ɗakin da 'yan garinsu suke kwana, ya ara masa kuɗin somin sana'a ko kayan aiki. Wannan ne ya sa akan tarar da 'yan ƙauye guda sun taru a sana'a guda a unguwa guda, ko a Agege da Idi-Araba a Legas, ko a Fatakwal, ko a Abuja. Sana'o'in sun haɗa da ga-ruwa da dako da faskare da gadi da yankan farce da wankin takalma da sayar da rake ko shayi da kuma acaɓa. Masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma wannan hanya suke bi.

A can baƙon wuri, abokai sukan yi tukunya guda, su yi adashi, su yi jinyar wanda ya kwanta, su kai kuɗin wanda bai sami zuwa gida ba. Duk wanda ya cinye saƙo ya ci amana, kuma labarinsa yakan riga shi isa gida. Ta haka ne abota take zama jari ga wanda ba shi da jari.

5.0 Majalisa da Fada

Majalisa tana da lokaci da ƙa'ida. Yawanci bayan la'asar ko bayan isha'i ake haɗuwa, a yi dara ko karta, a saurari rediyo, a yi musun ƙwallo da siyasa. Amma amfaninta ya wuce hira. A nan ake jin cewa ana neman leburori a wani gini, ko farashin albasa ya tashi a wata kasuwa. A nan ake tara gudummawar auren aboki, a fitar da babban aboki, a shirya zuwa ta'aziyya ko dubiya. 'Yan mata su ma suna da nasu tsari ta hanyar adashi da anko da gudummawar biki.

A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya don ayyukan gayya. Fada kuwa ta yaɗu ne a shekarun 1990, lokacin da aikin yi ya yi wuya. Kowace fada tana da suna da shugaba, ana kuma dafa shayi a ƙaramar buta bisa gawayi, a sha shi zagaye uku. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne samari sun ɗauki sunayen wuraren zaman manya, wato majalisa da fada, sun laƙaba wa nasu zama. Yin haka yana nuna cewa su ma suna neman a ɗauke su a matsayin masu faɗa a ji.

Duk da haka, Bahaushe bai yi shiru a kan illar majalisa ba. Ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ya kuma ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Majalisar da ta cinye lokacin aiki ta koma zaman kashe wando, kuma daga irinta ake koyon shaye-shaye da bangar siyasa.

6.0 Harshen Tafiya da Abota

Yawan kalmomin da harshe ya keɓe wa wani abu yana nuna muhimmancin abin ga masu harshen. Hausa ta tanadi kalma ga kowane mataki na tafiya, kuma kusan kowace tana ɗauke da haƙƙin wani. Mai tafiya yana bankwana, a yi masa rakiya, a ba shi guzuri. Ana ba shi saƙo ya kai, ko sallahu ya sayo. Idan ya komo a yi masa tariya da sannu da hanya, a tambaye shi yadda ya baro mutanen can, shi kuma ya raba tsaraba. Kalmomi irin su tasha da direba da kwandasta da kamasho an aro su ne daga Ingilishi bayan zuwan mota.

Tsakanin abokai akan ji kira irin su mutumina da maigida da oga da Alhaji, ko da wanda aka kira bai taɓa zuwa Makka ba. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, shi ma yakan buɗe wa baƙo ƙofar sabo a mota ko a masauki.

7.0 Sauye-sauyen Zamani

Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 ya rage nisa. Ɗan cirani yana jin labarin majalisarsu kullum, yana kuma tura kuɗi ta waya ba sai ya jira mai zuwa gida ba. Karatu da bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973, sun haifar da wata irin tafiya da abota da ba ta bin yanayin damina da rani.

A ɗaya ɓangaren, an sami cikas. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a birnin Kano a 2013, da wasu ƙananan hukumomin Legas a 2020 da 2022. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga kuɗin mota, rashin tsaro kuma ya hana noma a wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Sakamakon haka, wasu samari ba su komowa da damina, sai da salla, wasu ma sukan shekara ba su zo ba. Idan cirani ya koma zama, gayya ta rasa hannaye, majalisa ta rasa mutane, kuma waya ba ta riƙe fartanya. Shi ya sa har yau ake cewa zumunta a ƙafa take.

8.0 Kammalawa

Wannan darasi ya nuna cewa tafiya da aiki da hira a rayuwar samarin Hausawa suna jingine ne da abota, kuma yanayin shekara ne ya saba raba musu lokaci. Yayin da wannan rabo yake sassautawa, nauyin daidaita su ya koma kan saurayin da kansa da irin abokan da ya zaɓa. Malamin Hausa yana iya amfani da kalmomi da karin maganar da aka kawo wajen koyar da ƙirar kalma da al'ada a darasi guda.

Tambayoyi

1. Bayyana ƙirar kalmomin abota da abokantaka da cirani.
2. Kawo bambanci tsakanin saƙo da sallahu, da tsakanin guzuri da tsaraba.
3. Tattauna amfanin majalisa da illolinta tare da misalai daga garinku.
4. Ta wace hanya zamani ya sauya tsarin cirani?