Kuɗin mota da asarar hanya, wa zai ɗauka?

'Yan uwa masu sayar da 'yan tsaki da 'ya'yan tarwaɗa ta Facebook da WhatsApp, ku gama maganar kuɗin mota tun kafin ciniki ya faɗa. Ni nakan faɗi kuɗin kaya daban, na direba daban, kuma mai saye ke biya.

Abu mai rai dai ba na yarda a dawo min da shi. Tsakon da ya kwana a wani keji zai iya kwaso min Gumboro. Sharaɗina, a buɗe kwali a tasha gaban direba, a ɗauki bidiyo. Waɗanda suka mutu a hanya zan cike a oda ta gaba. In sai an kai gida aka ƙirga, to babu ruwana.

Kifi kuwa, ku hana su abinci kwana 1 kafin tafiya, kashinsu ne ke ɓata ruwan jarka.