Darasin Lafiya: Hawan Jini da Hanyoyin Jinin Ƙoda

Darasinmu na wannan fitowar a kan ƙoda ne da hanyoyin jinin da ke cikinta. Mun zaɓe shi ne saboda da yawa daga cikinmu da suka baro Kilomita Biyar a Bangi tun rikicin ƙarshen 2013 da 2014 sun yanke shan maganin hawan jini a hanya, kuma ba su koma ba. Tun yarjejeniyar 2019 tsakanin Kamaru, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira, wasu na komawa gida don raɗin kansu. Tafiya kuwa ita ce lokacin da aka fi sakaci da magani.

Yadda ƙoda ke aiki

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayan ciki, kowacce kamar girman dunƙulen hannunsa. A cikin kowacce akwai ƙananan matatai kusan miliyan 1, kuma kowace matata curin siraran hanyoyin jini ce. Kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda yake bi. Suna tace ruwa kimanin lita 180 a rana, su mayar da mafi yawansa jiki, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Saboda haka duk abin da ya lalata hanyoyin jinin nan ya taɓa matatar kanta.

Abubuwan da ke lalata su

1. Hawan jini, wanda wasu ke kira tansiyo. Yana sa bangon ƙananan hanyoyin ya yi kauri, su tsuke. Ƙodar da jini bai ishe ta ba kuma takan saki sinadarin da ke ƙara hawan jinin, ciwo ya yi ta ciyar da kansa.
2. Ciwon sukari. Yana lalata matatan a hankali har furotin ya fara zuba cikin fitsari.
3. Tsukewar babbar jijiyar da ke kai jini ƙoda. An fi ganinta ga tsofaffi da masu shan taba.
4. Sikila. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kan toshe siraran hanyoyin.
5. Ƙarewar ruwan jiki saboda gudawa da amai, musamman ga jarirai. Jini kan iya daskarewa a jijiyar ƙoda.

Alamun da ba a jira da su

A farko ciwon ba ya nuna kansa, mutum na harkarsa ƙoda na lalacewa. Amma a garzaya asibitin sansani idan an ga kumburin fuska da safe ko na ƙafa, fitsari mai kumfa ko jini, raguwar fitsari, ko yaron da ya daina fitsari bayan gudawar jini. Mai juna biyu da ke da kumburi, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ta zo nan take, ko da dare ne.

Abin da za mu yi

A riƙa auna jini. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, sai a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafi. A guji shan ibuprofen da diclofenac na 'yan tebur kullum don ciwon jiki, haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Mai ciwon ƙoda ko sukari ya tuntuɓi likita kafin azumi.

Ga masu shirin komawa Bangi: ku zo da katinku na asibiti kafin ranar tafiya, a rubuta muku sunan magani da adadinsa, a ba ku wanda zai kai ku. Ku ajiye katin tare da takardunku, ba cikin ƙullin kaya ba. Da kun sauka, ku nuna shi a asibiti mafi kusa kafin maganin ya ƙare.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.