Darasi Daga Saƙar Zuma

'Yan'uwa, mu duba saƙar zuma, irin wadda akan kawo kasuwar Tudun Wada a Zariya. Kowane rami yana da gefe 6. Kowane gefe kuma yana da abokin tafiya mai fuskantarsa. Ko an ja su har Kano ba za su haɗu ba, kamar ƙarafan layin dogo. Wato biyu-biyu sau 3 ke nan. Fuskar bulo tana da biyu-biyu sau 2.

Haka ɗakinmu ma. In za mu fitar da harsashi, mu auna da igiya: gefuna masu fuskantar juna su zo daidai, kusurwa zuwa kusurwa a gicciye ma daidai. In ba haka ba, kwanon rufi ba zai zauna ba, kuɗinmu ya salwanta.